Amsa Ɗaya Tak, da Izinin da Na Zauna Jira

Ranar sunan ɗiyar Aminu ina zaune a zaure na miƙe ƙafafuna da suka kumbura, sai na jiyo shi a ƙofar gida yana ba abokansa labari wai Turawa ne suka sace wa babansa lissafi, ni ke nan. Har da rantsuwa! Su kuma suna ta zuba Allah ya isa kamar gonar ubansu aka cinye. Ban tanka ba don kada in kunyata angon ƙarni a gaban baƙinsa, amma tuwon ranar bai yi mini daɗi ba. Na kuma san ba shi kaɗai ba ne. Ke ma Maryam na ji abin da kika faɗa wa mijinki, Bello kuwa nasa ya fi muni, shi cewa yake karatu ne ya so ya taɓa ni shi ya sa na yi sanyi. To ku buɗe kunnuwanku tun bakina yana motsi. Babu wanda ya sace mini ko ɗigo. Mutanen nan da guminsu suka samu abin da suka samu, kuma duk wanda ya ƙara zaginsu a gidan nan zai gamu da ni. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku riƙe shi haka nan, kada wani ya ƙara masa gishiri.

Ba za ku gane ba sai kun san zauren da na tashi a ciki. Kakanku malamin littattafai ne a nan Gwandu, ba shi da komai sai ilimi da zafin rai, zafin ran kuwa kun ga inda ya sauka. Da hantsi manyan mutane masu furfura kan zo su zauna a gabansa, kowa da littafinsa, ka karanta layi ya tsayar da kai, ya gyara, ya fassara, ya ce maimaita. Littafi guda sai ya ci shekara. In kun kai bangon ƙarshe ma ba a gama ba, sai ranar da ya ga dama ya ɗaga kai ya ce ka je ka karantar, ya yi maka izini. Kuma izini ba a roƙonsa. Duk wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi, ya riga ya nuna bai kai ba. Akwai wani mutumin Ceberu, haziƙi ne na gaske, ya gaji da jira ya koma ƙauyensu ya buɗe karatu. Kakanku bai zage shi ba, bai aika masa kowa ba. Amma da mutumin ya dawo gaisuwa sai ya amsa masa irin amsar da ake yi wa baƙon da ya tsaya tambayar hanya. Har yau ina ganin fuskar bawan Allahn nan lokacin da yake laluben takalmansa. Da ya fita, kakanku ya dube mu ya ce:

"Ilimi da uba shike tahiya. Wanda yaf fita da shi ba sallama, ɗan mutane ya ɗauka ya gudu."

Maganar nan ta shiga jinina, ban ma san ta shiga ba. Ni kuma sai Allah ya jefa ni cikin lissafin boko. Na san in na fara bayani idanunku kan koma kan waya, amma yau dole ku daure, ba za ku mutu ba. Ku tuna yadda mai lemo ke jera kayansa a tasha: ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashi, uku a ƙarƙashin waɗannan. Duk layin da ya ƙara, ka san adadin da ya ƙaru a kan na da. Dokar da ke gaya maka bambancin da ke tsakanin wannan mataki da na gaba, ba tare da ta gaya maka jimilla ba, ita muke kira lissafin tazara, kuma a kanta na ƙarar da ƙuruciyata. Aikinmu mu nemo dabara guda wadda in ka ba ta yawan layuka za ta ba ka jimilla kai tsaye. Ta mai lemo mai sauƙi ce: yawan layukan sau lambar da ke binsa, a raba biyu. Irin wannan dabara, wadda babu komai cikinta sai lamba sau kanta sau kanta, a haɗa 'yan gaɓoɓi ƙidayayyu a tsaya, ita ake kira folinomiyal. Sunan ne kawai mai ban tsoro.

Nemo amsa ba shi ne wahala ba kamar tabbatar da cewa ita kaɗai ce. A lissafin mai lemo amsa ɗaya ce tak, muddin an yarda daga inda aka fara ƙirga. Ga dalili. Ka ɗauka amsa biyu ne, ka debe ɗaya daga ɗaya. Abin da ya rage dole ya riƙa maimaita kansa a kowane mataki har abada. Folinomiyal kuwa ba ta iya wannan, komai kwana-kwanarta ƙarshe sai ta miƙe sama ko ta gangara ƙasa ba dawowa, sai fa in tun asali lamba ɗaya ce a kwance. Tunda kuma daga wuri ɗaya aka fara, lambar nan sifili ce, amsoshin biyu abu ɗaya ne. Shi ke nan. To masu kimiyyar fiziks suna da irin wannan lissafi, amma mai taurin kai. Suna nazarin 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu da ke jere cikin ƙarfe kamar carbi, kowanne yana jan maƙwabcinsa. Dokarsu matakai uku take ɗaurewa a lokaci guda, na baya da na nan da na gaba, kuma daga folinomiyal ɗin da ta warware ta suke karanto irin ƙarfin da jerin zai iya ɗauka. In doka ɗaya ta haifi amsa biyu mabambanta, ƙidayarsu ta rikice. Ga jeri mai sauƙi an daɗe da tabbatar da cewa amsa ɗaya ce. Ga wani irin jeri da ƙwayoyinsa ba ɗaya suke ba, kowa yana aiki da zaton haka ne, amma babu wanda ya kawo hujja. Mu kuwa masu lissafi zato ba ya ƙosar da mu.

Wanda ya ɗora mini wannan tambaya shi ne malamina a jami'a, Farfesa Sambo, mutumin Kalgo. Ni dai Malam nake ce masa. Ƙaton mutum ne mai dariya kamar aradu, kullum hannun rigarsa fari fat da alli, ga goro a kunci. Bai taɓa kirana da sunana ba sai in rai ya ɓaci, ɗan malamai yake ce mini, yana tsokanata wai na fi liman tsarki. Shi ya fara kokawa da tambayar tun kafin in san shi, sannan muka haɗu a kanta shekara da shekaru. Mun fitar da 'yan ƙananan takardu tare a kan gefe-gefenta, kuma ku lura da wannan: duk shi yake aikawa mujalla. Ni nawa in rubuta in miƙa masa da hannu biyu, sai dai wata rana ya jefo mini bugaggen a kan tebur yana dariya. Ban taɓa aika komai da kaina ba yana raye yana lafiya, ban kuma taɓa tunanin yadda za a yi in ba ya nan ba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakiyar aji. Aka yi asibiti aka gaji, aka mai da shi gidansa na Kalgo, hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi.

A shekarar da nake ba ku labari malaman jami'a sun shiga dogon yajin aiki, na tattaro na dawo Gwandu. Zaman banza ya ishe ni, sai na riƙa bin baffanku Haliru zuwa gonar albasarsa a Dodoru. Wata rana injin ban ruwa ya ƙi tashi, suka duƙufa a kansa, ni kuma da ban san kan inji ba na koma inuwa na zauna. A nan abin ya faɗo mini. Hanyar da kowa ya sani ita ce ka ɗauka amsa biyu ne, ka ninka ta farko da ta biyu ta mataki na gaba, ka juya su ka sake, ka debe. Abin da ya rage, doka tana tilasta masa wani tsawo, wato yawan ninkin lamba da kanta, wanda amsoshin biyu ba za su iya kaiwa ba, don haka dole ya zama sifili. A jerinmu kuwa akwai wuraren da wani ɓangare ke cinye wani, tsawon da ake buƙata ya ragu, hujjar ta zube. Duk shekarun nan ƙoƙarin kauce wa wuraren nan muke yi. Ranar sai na ga ashe bin su ya kamata a yi ɗaya bayan ɗaya, domin duk inda aka cinye wani abu, amsoshin biyu su ma dole su yi asarar daidai wannan tsawon, ka ga giɓin da ke tsakanin tsawon da doka ke buƙata da nasu yana nan yadda yake. Na miƙe tsaye ina salati da ƙarfi. Haliru ya sheƙo da gudu da sanda, ya ɗauka maciji ne.

Cikin 'yan makonni na rubuta ta tsaf, na bi ta gaba da baya ban ga ɓaraka ba. Na sa sunan Malam a sama, nawa a ƙasa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, ko ranar da aka haifi Aminu, ya yi haƙuri. Innarku ta ga na daina zaman shiru na fara cin abinci kamar mutum, ta tambaye ni:

"Malam, an gama ke nan?"

"An gama."

"To alhamdu lillahi. Sai a aika inda ake aikawa, mu ma mu huta."

"Sai Malam ya ji tukuna."

"To kai masa yau ya ji, gobe ka aika."

Na yi mata dariyar wanda bai san abin da ke gabansa ba, na ce ba haka ake yi ba.

Ranar Asabar na tayar da tsohuwar motata na bi ta Birnin Kebbi na sauka Kalgo. Rabona da gidan tun farkon ciwon. Ƙofar gidan da a da sai ka nemi wurin ajiye mota, ranar awaki ne kwance a wurin. Matarsa Hajiya Luba ta yi mini iso. Yana kishingiɗe a kan katifa, ya rame, hannun dama a yashe a gefe, amma idanun nan suna nan yadda na san su. Ba ya iya riƙe takarda, in ya ƙura wa rubutu ido kuma kansa kan sara, don haka sai dai a karanta masa. Kafin in buɗe komai na faɗa masa dabarar a taƙaice, da baki. Ya ƙura wa rufi ido, leɓensa yana motsi. Can sai rabin fuskarsa ya yi dariya, hawaye ya gangaro.

"Ɗan malamai," ya ce da harshensa mai nauyi, "ka kama ta. Ja'ira, ashe nan taɓ ɓuya."

Sannan ya gyara kwanciya ya ce:

"Karanta mini tun daga farko. Sannu-sannu."

Ni kuwa da na ji haka sai na naɗe ƙafafu kamar ina gaban kakanku. A raina an buɗe karatu ke nan, sai ranar da aka rufe a yi mini izini. Na karanta shafi ɗaya, ya tsayar da ni nan, ya tambaye ni can, ya ce maimaita. Da muka kai ƙarshen shafin ya ɗaga hannun hagu ya ce mu tsaya nan, sai Asabar mai zuwa. Hajiya ta shigo da tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci na yi nak, na kamo hanya ina jin kaina a sama.

Haka muka ɗauko. Aka cire albasa, zafi ya zo ya gasa mu, ruwa ya sauka, aka dasa shinkafa a fadamar Kalgo har ta yi kore, mu muna nan. Wata Asabar mu yi shafi, wata mu yi rabi, wata kuma ya ce akwai abin da bai kwanta masa ba a shafi na biyu, mu koma. In koma gida in kwana biyu ina duba wurin, in dawo in ce Malam lafiya lau yake, ya ce to madalla, dama ya so ya tabbatar ne. Rabin zaman ma hira ce: wane ya mutu, wane ya zama shugaban sashe alhali ko raba dogon lissafi bai iya ba, yadda sanyi ya kusa kashe shi a ƙasar da ya yi karatu. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina jin daɗin zaman. A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne zan karanta wa layin lissafina ya lumshe ido don daɗi, kuma ga shi a gabana. Amma daɗin da damuwa yake tafe, domin na san yadda duniyar aikinmu take. Akwai rumbu a intanet inda masana ke ajiye sabon aiki tun kafin mujalla ta buga, wanda ya riga sakawa shi ke da suna, ko da yini ɗaya ya riga ka.

Wani tsohon ɗalibina, Nasiru, yana bincike a ƙasar waje a lokacin, kuma na taɓa gaya masa na samu hujjar. Ya bugo mini waya wata safiya.

"Malam, don girman Allah ka saka takardar nan a rumbu. Na je wani taro na ji mutum biyu suna zagaye tambayar nan, kuma ba da wasa suke ba. Ka turo mini ni in saka maka, kafin ka gama shan koko an gama."

"Farfesa bai gama ji ba."

"Malam, ai sunansa yana kai. Ka saka, ku ci gaba da karatunku, wa ya hana?"

Na hau shi da faɗa. Na ce yaushe aka haife shi da zai koya mini yadda ake zama da malami, na ce zaman Turai ya cinye masa tarbiyya. Yaron kirki, ya yi ta ba ni haƙuri alhali shi ke da gaskiya. Innarku tana tsakar gida tana jin komai. Ta bari na ajiye waya na huce kaɗan, sannan ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Malam, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani."

"Ke kuma da wa?"

"Da kai. Farfesa ba Baba ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin boko, ina ruwansa da wani izini? Ka tambaye shi mana, ba baki gare ka ba?"

"Ba a roƙo."

"To ni ba ɗalibarsa ba ce. Bari in shirya in je in gai da Hajiya Luba, magana ta mata, in ji mi shike nufi."

Na daka mata tsawa, na ce in ta taka Kalgo da wannan magana ban yafe ba. Ta dube ni ta girgiza kai ta koma madafa. Innarku mace ce mai jin magana, kun sani. Sau da yawa ina cewa da ma ranar ta saɓa mini.

Kada ku ɗauka maganarsu ba ta shige ni ba. Ta shige ni har ta hana ni sukuni, kuma akwai Asabar ɗin da na fita da niyyar in karya al'adar in tambaya, kome zai faru ya faru. Duk hanya ina shirya kalmomin, yadda zan sa su cikin ladabi. Da na isa, Hajiya Luba ta tare ni a zaure kafin in shiga, ta rage murya.

"Malam Ummaru, Allah shi saka maka. Duk mako ba ya yarda a taɓa shi, abinci sai da faɗa. Amma tun Juma'a da yamma zai ce a kira wanzami, a fito mai da farar riga. Mutanen da yay yi wa hanya duk sun watse, kai ɗai kar rage."

Na shiga na same shi an yi masa aski, ya sha farar riga har da turare, an jingina shi da matasai yana fuskantar ƙofa. Yana ganina ya ce ɗan malamai ya makara, ko motar ce ta ƙi. To ku gaya mini, da wane baki zan ce masa Malam ka hanzarta, sauri nake? Na ji kamar in na tambaya na ce masa ne na gaji da zuwa. Kalmomin da na shirya suka koma ciki, na buɗe takarda na ci gaba daga inda muka tsaya.

Aka janye yajin aiki muka koma aji, ban fasa zuwa Kalgo ba. Ruwa ya yi yawa a shekarar har ya ci shinkafar mutane da dama a fadama. Saura shafi biyu mu gama, ina ta murna a raina cewa an kusa. Wata safiya ina tattara alli zan shiga aji sai ga wayar Nasiru. Tun daga sallamarsa na gane. Mutum biyu ne, mace da namiji, daga ƙasashe biyu, sun saka tasu a rumbu. Na zauna na buɗe na karanta daga farko har ƙarshe ina neman kuskure, Allah ya yafe mini, har addu'a nake in samu. Babu. Hanyarsu kusan tawa ce, a wani wurin ma tasu ta fi gajarta. Aiki ne mai kyau. Na rufe na tafi aji na koyar, ban san abin da na faɗa wa yaran mutane ba. Da na koma gida na gaya wa innarku, na jira ta ce ai na faɗa maka, ko na samu wanda zan yi faɗa da shi. Ba ta ce ba. Ta kawo ruwa ta ajiye ta zauna kusa da ni, wannan kuwa ya fi mini zagi zafi.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko da ba ku san dalilinsa ba. Na aika tawa daga baya, mujalla ta amsa cikin ladabi cewa an riga an san wannan sakamako. Ita ce aikin da na dogara da shi, wani irinta bai sake zuwa mini ba, irin wannan sau ɗaya yake zuwa wa mutum in ma ya zo. Na yi ritaya ban taka matsayin farfesa ba. Yau duk mai nazarin fannin nan yana ambaton sunayen mutum biyun nan, kuma daidai ne ya ambace su. Yana yi mini ciwo har gobe, ba zan yi muku ƙaryar cewa na warke ba.

Amma ba a nan ciwon ya fi tsanani ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan wayar Nasiru na tafi Kalgo ina ta saƙa ko in ɓoye masa, mu karanta shafi biyun nan mu rufe. Na ga ba zan iya yi wa mutumin nan ƙarya ba. Na zauna a inda na saba zama, ban buɗe jaka ba.

"Malam, an riga mu."

"An riga mu mi?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya kamar abin bai dame shi ba.

"To sai mi? Ai tamu ta riga tasu. Wane wata ka aika?"

"Ban aika ba, Malam."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni.

"Ba ka aika ba?"

"Ba ka yi mini izini ba. Saura shafi biyu."

Ina jin Hajiya tana kankare tukunya a tsakar gida. Sai ya ɗaga hannun hagu ya doki katifa da iyakar ƙarfinsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ummaru! Wa yac ce ka jira ni? Ni malamin zaure ne? Tun ranar da kaz zo, kafin ka buɗe takarda, na san hujjag ga ta tsaya. Na ɗauka cikin makon ka aika. Kullum jira nike ka shigo ka ce mini ta fito!"

A duk zamana da shi ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"To tambayoyin fa, Malam? Komawa shafi na biyu fa? Rabin shafi a yini guda fa? Mene ne amfaninsu?"

Ya mai da fuskarsa wajen bango. Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"In mun gama, mi zai kawo ka Kalgo?"

Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa inda zan sauke shi. Shekarun da ya zuba a tambayar nan sun fi nawa, sunansa ne a sama, kuma shi ba shi da sauran lokacin da zai kama wata. Yana kuka da rabin fuska, ɗaya rabin ko motsi ba ya yi, ga farar rigar da aka sa masa domina. Na zauna ina kallon tabarma har aka kira la'asar. Da na miƙe na ɗauki jakata, ya yi magana bai juyo ba.

"Asabar za ka zo?"

Na ce zan zo, Malam. Na kuwa ci gaba da zuwa har ranar da muka kai shi makwancinsa, kuma daga ni har shi babu wanda ya sake ambaton lissafi.